Yadda Haruffan Hausa Suka Shiga Na'ura: Daga Alƙalamin Kara Zuwa Buɗaɗɗiyar Manhaja a Tamale

Gabatarwa

Ɗalibin Hausa a yau kan ɗauki waya ya rubuta ƙasa ko ɗaki ko ɓarawo, ya aika, saƙon ya isa Kano ko Maraɗi ko Tamale da lanƙwasarsa ba tare da ta faɗi a hanya ba. Wannan sauƙi sabon abu ne. An shafe kusan shekara ɗari ana fama da tambaya guda: wa ke da ikon ƙara harafi a cikin kayan rubutu? Wannan maƙala za ta bi tarihin tambayar tun daga zamanin ajami har zuwa zamanin buɗaɗɗiyar manhaja, wato manhajar da masu ita suka bayyana asalin umarnin da aka gina ta da shi, suka kuma yarje wa kowa ya duba, ya gyara, ya rarraba. An zaɓi birnin Tamale na arewacin Gana, da unguwanninsa irin su Nyanshegu, domin a nan Hausa ke zaune kafaɗa da kafaɗa da Dagbanci, kuma harsunan biyu sun sha wahala iri ɗaya a hannun na'ura.

Zamanin alƙalami da tawada

Fataucin goro ne ya kai Hausa ƙasar Gonja da ta Dagomba. Ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, su bi ta Yendi su sauka Salaga, wadda ita ce babbar kasuwar goro a ƙarni na 19. Tare da fatake akwai malamai, tare da malamai kuwa akwai allo da tawada. Alamar wannan cuɗanya tana nan a bakin Dagombawa har gobe: suna ce wa labari lahabali, asuba asiba, kuma sunayen ranaku irin su Atalaata da Asibiri da Alahari ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe.

Mafi shahara cikin malaman wannan hanya shi ne Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, sannan ya koma Kete Krachi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ya rasu a can a 1934. Ya yi rubutu da Larabci da kuma Hausar ajami, har ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanai masu yawa kan tarihi da al'adun ƙasar Hausa. A Tamale kuma, wadda Turawan Ingila suka mayar hedikwatar yankin arewa a 1907, Afa Ajura, wanda ya kafa makarantar Anbariyya da ke Nyanshegu, ya rubuta waƙoƙinsa na Dagbanci da haruffan Larabci. Ya rasu a 2004.

Abin lura a wannan zamani shi ne malami shi ne mai kayan aikinsa. Shi zai fiƙe alƙalaminsa daga kara, shi zai dafa tawadarsa. Idan ya ci karo da sautin da babu shi a Larabci, sai ya ƙara ɗigo a kan wani harafi ko a ƙarƙashinsa, almajiransa su gani su kwaikwaya. Bai nemi izinin kowa ba. Illar wannan 'yanci ita ce rashin daidaito, domin ajamin Kano da na Salaga ba su zo ɗaya a kowane harafi ba. Amma ba a taɓa jin an ce alƙalami ya ƙi rubuta wani sauti ba.

Maɗaba'a da tafireta

Da rubutun boko ya zo, ikon ya bar hannun marubuci ya koma hannun mai injin. Harafin maɗaba'a ƙarfe ne da ake zubawa a masana'anta. In ba a zuba shi ba, babu shi. Turawan da suka fara buga Hausa, irin su J. F. Schön a ƙarni na 19, ba su bambance dukkan sautukan da Bahaushe ke bambancewa ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912, kuma a shekarun da suka biyo baya an yi ta nuna waɗannan sautuka da ɗigo ko waƙafi a jikin b da d da k. Sai a shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, a lokacin da Rupert East ke shugabantar hukumar talifi a Zariya. An ɗauko tsarin ne daga shawarar cibiyar nazarin harsunan Afirka ta Landan, wadda Diedrich Westermann ke cikin jagororinta. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, da littattafan kamfanin Gaskiya, su suka sa idon jama'a ya saba da ɓ da ɗ da ƙ.

Daga wannan tushe na Landan ne harsunan Gana su ma suka samo nasu haruffan. Dagbanci na amfani da ɛ da ɔ da ŋ da ɣ da ʒ. Ke nan tun daga farko Hausa da Dagbanci sun hau jirgi ɗaya: kowannensu ya dogara da haruffan da babu su a Ingilishi.

Tafireta ta fito da wannan rauni fili. Yawancin waɗanda suka shigo ofisoshi da makarantu an ƙera su ne domin Ingilishi. Akawu kan buga takarda har ƙarshe, sannan ya bi ta da biro yana sa wa haruffa ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, in ya gaji ya bar sauran. Taron masana na Bamako a 1966 da na Yamai a 1978 da 1980 sun yi aikin daidaita ƙa'idojin rubutu, amma taro ba ya ƙera inji. A Gana matsalar Hausa ta ninku, domin ba ta cikin harsuna goma sha ɗaya da hukumar harsunan Gana ke buga littattafai da su, ko da yake gidan rediyon ƙasar ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita.

Gurabe 128

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane harafi da ke bayyana a fuskarta yana da lambar da aka ware masa a wani jadawali. Jadawalin da ya mamaye duniya shi ne ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963. Gurabe 128 kacal ke cikinsa, kuma an cika su da haruffan Ingilishi da alƙaluman lissafi da alamomin rubutu. Da aka faɗaɗa guraben zuwa 256, harsunan Turai ne suka cinye ƙarin. Babu inda aka ajiye wa ƙ wuri.

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya zana wasu nau'o'in haruffan kwamfuta da suka shahara da sunan Rabi'at da Abdalla. Dabarar ita ce a ari gurbin wata alama da Bahaushe bai cika buƙata ba, a zana harafi mai lanƙwasa a wurinta. Mai rubutu zai danna maɓallin baka, sai ƙ ta fito. Wannan aiki ya yi wa adabin Hausa hidima babba, domin ya zo daidai da bunƙasar littattafan ƙagaggun labarai na Kano, kuma da shi aka buga kundayen digiri da mujallu masu yawa.

Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. A cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta lambar tana nan a matsayin baka. Zanen ne kawai ya sauya. Da zarar an kai takardar wata kwamfutar da ba ta da wannan nau'in haruffa, ko an ɗora ta a intanet, sai asiri ya tonu. Duk ɗalibin da ya taɓa cin karo da }asa a maimakon ƙasa, ko wa]anda a maimakon waɗanda, ko ~angare a maimakon ɓangare, to ya ga sawun wannan zamani. Masu rubuta Dagbanci da sauran harsunan Gana sun bi irin wannan hanya, sun kuma gamu da irin wannan cikas.

Lamba ɗaya ga kowane harafi

Maganin ya zo da tsarin Unicode, wanda aka fitar da kashinsa na farko a 1991. Manufarsa ita ce kowane harafi na kowane harshe ya sami lambarsa ta dindindin, wadda ba ta sauyawa daga na'ura zuwa na'ura. Haruffan Hausa sun shiga tun a farkon shekarun 1990. Lambar ƙ ita ce U+0199, ta Ƙ kuma U+0198. Ƙananan ɓ da ɗ suna U+0253 da U+0257, a rukunin alamomin masana furuci, manyansu kuma suna wani rukuni dabam, a U+0181 da U+018A. Harafin ƴ, wanda ake amfani da shi a Nijar inda Nijeriya ke rubuta 'y, yana U+01B4. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar adana waɗannan lambobi wadda yawancin shafukan intanet ke bi a yau.

Wannan rarrabuwa ta manya da ƙananan haruffa tana da sakamako da ake gani da ido. Mai zana haruffa kan zana rukuni ɗaya ya bar ɗayan, shi ya sa wani lokaci ƙ kan fito daidai a cikin kalma amma ɗ ta fito da wata siffa dabam, ko ta zama ɗan akwati. Samun lamba mataki ne na farko kawai. Harafi na buƙatar abu uku kafin ya rayu a na'ura: lamba, da zane, da maɓallin da za a danna. Unicode ya ba da na farko, ya bar biyun ga kamfanoni, su kuwa kamfanoni suna duba inda riba take. Shekaru da yawa lambobin Hausa na nan a rubuce, amma mai rubutu a Kano ko Tamale ba shi da hanyar kai hannu gare su.

Buɗaɗɗiyar manhaja

A nan ne wani tarihi dabam ya haɗu da na Hausa. A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a Amurka, bisa ra'ayin cewa mai amfani da manhaja yana da haƙƙin ya ga yadda aka gina ta, ya gyara ta, ya ba maƙwabcinsa. A 1989 aka fitar da lasisin GPL domin kare wannan haƙƙi a shari'ance. A 1991 wani ɗalibi a Finland, Linus Torvalds, ya saki Linux, kuma a 2004 Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya fito da Ubuntu, wadda ta sauƙaƙa wa mutane amfani da Linux. A Gana, wadda ta sami cikakkiyar hanyar intanet a 1995 ta hannun kamfanin Nii Quaynor, cibiyar fasahar sadarwa ta Kofi Annan da aka buɗe a Accra a 2003 ta zama dandalin masu wannan ra'ayi.

Ga harshe irin Hausa ma'anar wannan a fili take. Idan tsarin madannai yana cikin rufaffiyar manhaja, sai an roƙi kamfani an jira. Idan yana cikin buɗaɗɗiya, duk wanda ya iya zai rubuta ɗan gajeren umarni ya miƙa, a duba a karɓa, ya shiga kowace kwamfuta mai wannan tsari a duniya. Ta haka ne Linux ta sami tsarin madannai na Hausar Nijeriya da kuma wani na Hausar Gana. A jerin na Gana akwai wanda ke ɗauke da sunan GILLBT, cibiyar nazarin harsuna da yaƙi da jahilci da fassarar Baibul mai hedikwata a Tamale, wadda ta daɗe tana tsara rubutun harsunan arewacin Gana. Sunan wata cibiya ta Tamale ya shiga cikin manhajar da ake amfani da ita a kowace nahiya, ba tare da an sayi hannun jari a wani kamfani ba.

Zanen haruffa ma ya bi sahu. A 2005 ƙungiyar SIL ta fitar da lasisin buɗaɗɗun haruffa, ta saki nau'o'i irin su Charis da Doulos da Gentium, waɗanda ke da dukkan haruffan Hausa da Dagbanci. Manhajar Keyman, wadda aka fara ƙirƙira a 1993 domin harshen Lao, ta koma hannun SIL a 2015, daga baya aka sake ta kyauta a buɗe, kowa na iya tsara madannan harshensa da ita.

Wannan hanya ba ta rasa masu ja da ita ba, kuma hujjarsu abar saurare ce. Wani kamfanin 'yan Nijeriya mai suna Lancor ya ƙera madannai na ƙarfe da roba mai suna Konyin domin harsunan ƙasar. A 2007 ya kai shirin nan na kwamfutar cinya ɗaya ga kowane yaro, OLPC, ƙara a babbar kotun tarayya da ke Legas, yana zargin an kwaikwayi fasaharsa. Shirin ya musanta. Ƙarar ta bayyana saɓanin da har yau bai mutu ba. Wani ɓangare na cewa wanda ya zuba dukiya da basira domin harshensa ya cancanci ya ci guminsa. Ɗaya ɓangaren na cewa hanyar rubuta harshe kamar hanyar zuwa rijiya ce, ba a sa mata ƙofa da makulli. A ƙarshe abin da ya raba gardamar a aikace shi ne wayar hannu mai shafawa, inda madannai suka zama hoto a kan gilashi, ƙarin harafi kuma bai buƙatar masana'anta.

Kafin zuwan irin wannan waya, lanƙwasa har kuɗi take ci. Saƙon tes na ɗaukar haruffa 160 idan duk suna cikin jadawalin GSM, amma da zarar an sa ƙ guda ɗaya sai wayar ta koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal. Mai kiyaye ƙa'ida sai ya biya kuɗin saƙo biyu ko uku. Ba abin mamaki ba ne da tsara guda ta taso tana rubutu babu lanƙwasa.

Komowar ajami

Ajami ya fi boko jinkirin shiga. A Afirka ta Yamma ana bin ruwayar Warsh da salon rubutun Magariba, inda fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, saɓanin rubutun Gabas da aka gina kwamfuta a kansa. A 2005 Unicode ya ƙara wasu haruffan ajamin Afirka, har da ɗigon imala da ke nuna wasalin e. A 2016 aka shigar da fa da ƙaf da nun na salon Afirka, sannan a 2020 aka ƙara wasu haruffa domin Hausa da Wolof. SIL ta zana nau'in Harmattan domin ajamin yankin, da kuma Alkalami, wanda aka ɗauko siffarsa daga rubutun hannu na Kano, dukkansu a ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi. Wannan ya buɗe hanyar buga rubuce-rubuce irin na Alhaji Umaru da Afa Ajura a na'ura da haruffan da suka dace da su, a iya bincika kalma a cikinsu, maimakon a tsaya ga hoton takarda.

Tamale da Wikipedia

Misali mafi kusa na abin da buɗaɗɗiyar manhaja ta haifar shi ne Wikipedia, wadda ke gudana a kan manhajar MediaWiki mai lasisin GPL. Matasa masu aikin sa-kai, waɗanda cibiyarsu ke Tamale, sun yi ta rubuta maƙaloli da Dagbanci a zauren gwaji har aka amince da Wikipedia ta Dagbanci a 2021. A shekarar ce kuma aka zaɓi harsuna kaɗan da za a ba muhimmanci wajen tattara kalmomi da siffofinsu na nahawu a rumbun Wikidata, Hausa da Dagbanci suka fito tare a jerin, da Ibo da Bengali da Malayalam. Harsuna biyu da suka fara haɗuwa a kasuwar goro sun sake haɗuwa a wani aikin ƙamus. Haka nan shirin Common Voice na Mozilla yana tattara muryoyin masu jin Hausa ya sake su ga kowa, domin a koya wa na'ura sauraron harshen. Da ɗan gari akan ci gari: duk waɗannan ayyuka masu harshen ne ke yin su da hannunsu.

Akwai wani abu na musamman game da Hausar Gana da ya kamata ɗalibi ya sani. Masana sun nuna cewa a bakin yawancin mazauna zango bambancin b da ɓ, da d da ɗ, da k da ƙ ya raunana ko ya ɓace, haka ma bambancin jinsin namiji da tamata a nahawu. Ga yaron Kano lanƙwasa hoton abin da yake furtawa ce. Ga yaron Tamale kuwa sau da yawa aba ce da sai ya koya daga littafi. Wannan ya sa ingancin rubutun da ke intanet ya fi shafarsa, domin daga nan yake ganin daidaitacciyar Hausa. Ya kuma ɗora wa masu tattara kalmomi da muryoyi nauyin su ba Hausar Gana gurbinta a matsayin karin harshe mai cin gashin kansa, kada na'ura ta koyi cewa Hausa ɗaya ce tak.

Kammalawa

Matsalar lamba da zane da maɓalli ta kau. Abin da ya rage na hannun masu rubutu ne. Baki da baƙi ba ɗaya ba ne, haka kafa da ƙafa, da fada da faɗa, da bata da ɓata. Mutum kan gane abin da ake nufi daga muhallin magana, amma manhajar fassara da ta bincike da ta gyaran rubutu suna koyo ne daga abin da aka ajiye musu, kuma duk shafin da aka rubuta babu lanƙwasa darasi ne na kuskure a gare su. Ga kuma dubban takardu da aka buga da Rabi'at, waɗanda ke jiran a mayar da su Unicode kafin tsofaffin kwamfutocin da ke riƙe da su su mutu. Sauya su aiki ne mai sauƙi, domin musanya alamomi shida ne kawai da haruffansu na gaskiya, kuma ɗalibi guda mai haƙuri zai iya ceto kundayen sashe sukutum. Ikon da malamin Salaga yake da shi a kan alƙalaminsa ya dawo hannun mai rubutu, tare da daidaiton da shi malamin bai samu ba. Amfaninsa ya rataya ne ga ko ɗaliban Hausa, a Kano ko a Nyanshegu, za su ɗauki ɗan lokacin da ake buƙata su danna harafin da ya dace.